Bazarar Hedimasta

Makon jiya jikata ta dawo daga makaranta da azahar, riga ta manne mata a gadon baya, leɓe ya bushe, tana jan wata jaka da ta kusa kai ta nauyi. Ko ruwa ba ta nema ba sai da ta buɗe littafi ta nuna mini aikin da aka yaba mata. Zanen lokutan shekara ne, gida huɗu, kowanne ta shafe shi da launi. A gidan farko, wanda malamarsu ta ce shi muke ciki yanzu, ga ciyawa kore shar, ga furanni, ga ɗan rago yana tsalle. Na dubi zanen, na ɗaga kai na dubi tsakar gidana, inda kaji suka saki fukafukai a gindin randa, baki buɗe, ko tsaba aka watsa ba za su tashi ba. Na tambaye ta ko ta gamu da ɗan ragon nan a hanya. Ta ce, "Kaka, ai ba a hanya yake ba, a littafi yake." Na yi shekaru ina riƙe da alli, ban taɓa jin ɗalibi ya ba da amsar da ta kai wannan gaskiya ba. Makarantar kuɗi ce, irin waɗanda sunansu ya fi filinsu tsawo, ubanta kuma yana alfahari da ita. Na ƙyale shi. Wanda ya sayi jaki da tsada ba ya son a nuna masa ɗingishinsa.

Tsararrakina, in mun zauna a bakin masallaci bayan la'asar, ba su da waƙa sai ta cewa ilimin da ya fi na yanzu. Ni ba na yi musu amshi. Wannan ƙaryar ta ɗan rago ba yau aka haife ta ba. Na san uban ƙaryar, na gaishe shi a durƙushe, na kuma ci abinci ta dalilinsa. Abin da ya canja shi ne, a da in yaro ya kwaso shirme a aji, yana isa gida zai tarar da mai karkaɗe masa shi. Mu ba a allo muka fara sanin shekara ba, a kunne muka san ta, da hanci, da tafin ƙafa. In guga ya fara daɗewa kafin ka ji ya taɓa ruwa, igiyar da ta isa jiya yau sai an ƙulla mata wata, to rani ya yi nisa. In ƙasa ta hana ka tsayawa wuri ɗaya, kana gudu daga inuwar wannan bishiyar maina zuwa ta waccan kamar mai tsallake garwashi, bazara ce. In kwaɗi suka kafa kasuwa a kududdufi, aka tashe ka da asuba aka miƙa maka fartanya, ba sai an gaya maka sunan lokacin ba. Kaka da ƙamshi take sallama, ɗanyar gyaɗa da tumu a kan wuta. Ɗari kuwa shi ne lokacin da wanka ke zama shari'a tsakaninka da mahaifiyarka. Biyar ne a wurinmu, kowanne da aikinsa, kowanne da cutarsa. Limamin unguwarmu da ƙafa yake auna inuwarsa ya san azahar ta yi, ya kuma san taku nawa zai ƙara ko ya rage in wata ya juya. Yanzu waya ce ke kiran salla a aljihu, an rufe tsakar gida da kwano, rijiya ta koma tanki a kan soro, yaro yana iya kaiwa aji shida bai taɓa lura da inda inuwarsa ke faɗuwa ba. In malama ta ce masa ana ni'ima, wa zai ƙaryata ta? Uwar tana kallon fim, uban yana kan titi, tsohuwar da za ta yi dariya ta daɗe a ƙasa.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarata ta ƙarshe a kwalejin horon malamai, lokacin da ake tura mu ƙauyuka gwajin koyarwa na zango guda. A ƙarshen zangon akwai takarda ɗaya mai gurbin sa hannu biyu: ɗaya na malamin da kwaleji za ta turo ya kalli darasinka, ɗaya na hedimastan makarantar da ka zauna. In ɗaya ya rasa, babu shaidar malanta, shekarun da ka yi kana tauna wake da tsakuwa a ɗakin cin abinci sun tafi a banza. Mahaifina kuwa dillalin shanu ne a karar Potiskum, mutumin Barno, mai gajeren zance. Bai taɓa son bokon ba, ya dai ƙyale ni ne bisa sharaɗi guda, wanda ya faɗa sau ɗaya bai sake ba: "In takarda ta ƙi ka, saniya ba za ta ƙi ka ba." Ni kuma tun ranar da wani bijimi ya ɗaga ni ya ajiye a kan danga ina ƙarami, ba abin da nake tsoro kamar ƙaho. Saboda haka in na ce ina son takardar nan, ba son ilimi kaɗai ba ne, kada in yi wa kaina kwalliya.

Aka tura ni wata firamare a wani ƙauye a hanyar Nangere. Azuzuwa shida, bishiyar maina guda, da tsohon ƙarfen tayar mota rataye a reshenta, shi ne ƙararrawa. Hedimastan ba zan faɗi sunansa ba. Ya rasu, 'ya'yansa suna nan, wasu ma muna gaisawa. Amma kada a ɗauka don ya rasu na huce. An ce a ambaci mamaci da alheri, na kuma duba, na sake dubawa: yana da kyakkyawan rubutun hannu. Gajere ne, mai ɗan tumbi, ba ya rabuwa da kwat ko da ƙasa na tafasa, da alƙalamin jar tawada guda biyu a aljihun gaba, wai kada ɗaya ya ƙare a tsakiyar laifin wani.

Abin alfaharinsa a duniya wani kwali ne da ya zana da hannunsa tun yana sabon malami, wanda wani babban jami'in ilimi ya taɓa tsayawa a gabansa ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ne jarin hedimasta har ya bar aiki. Ga yadda kwalin ya samu. Ya ɗauki littafin Turawa mai lokuta huɗu, ya jera watanninsu da namu, ya ga lokacin tohonsu ya faɗo kan bazararmu, lokacin zafinsu kan daminarmu, na zubar ganye kan kaka, na ƙanƙara kan ɗari. Har nan bai yi kuskure ba, watanni sun hau. Sai ya kwaso bayanin da ke ƙarƙashin kowane hoto ya juye shi da Hausa yadda yake, ya liƙa masa sunayenmu. Kamar a ɗauko rigar sanyin Bature a rubuta sunanka a wuya, a ce yanzu ta zama taguwar bazara. Bai tsaya nan ba, ya mai da abin waƙa, kowace safiya makaranta duka tana rerawa a layi:

Bazara, bazara, lokacin ni'ima,
Iska mai sanyi, fure yana toho.
Damina, damina, lokacin zafi,
Rana mai ƙuna, babu ko gajimare.

Sauran baitukan na yafe wa mai karatu, ya isa in ce akwai inda ƙanƙara ke rufe jinka. A tuna 'ya'yan manoma da makiyaya ne ke rera wannan, 'ya'yan Ngizim da Karekare da Fulani, waɗanda da yawansu Hausar ma a makaranta suke gyara ta. Ba su ɗauki waƙar ƙarya ba. Sun ɗauka haka boko yake, wata duniya ce dabam da wadda suke takawa, ka haddace ka tsira daga bulala.

A makona na farko, an tashi tara, muna zaune da malamai a gindin maina ana cin ƙosai, sai ƙuruciya ta ɗebe ni.

"Ranka ya daɗe, na ga kwalin. Gida huɗu ne. Ina aka ajiye rani?"

Ya gama tauna, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da hankici.

"Rani ba ya cikin manhaja."

Na yi dariya. Ba mai yawa ba, ta hanci ce, irin wadda ke kuɓuce wa mutum. Da na duba sai na ga ni kaɗai na yi, sauran malamai kowa ya sami abin kallo a jikin ƙosansa.

"Ashe farfesa kwaleji ta aiko mana," in ji shi. "To, Farfesa, sannu da zuwa. Mu nan jahilai ne, sai ka yi haƙuri da mu."

Daga ranar sunana ya ɓata, har yara Farfesa suke ce mini a bayan ido. Littafin shirin darasina kullum sai ya dawo kamar an yanka kaza a kansa. In na sa waƙafi ya ce aya ce, in na sa aya ya ce waƙafi. Ni ne mai duba shara, ni ne mai raka yara ɗibar ruwa, ni ne mai tsayawa a ajin duk malamin da ya tafi suna ko jana'iza, kuma a ƙauyen nan ba a fashin ɗayan biyun. Akwai ƙwallon duniya guda a makarantar, mai juyawa a kan ƙarfe, yana ofis an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado kamar kwanon baƙo. Na roƙa sau biyu. Ya ce ba abin wasan 'yan koyo ba ne. A iya zamana ban ga yaro ɗaya ya taɓa shi ba, sai wanda aka sa ya goge shi ranar Juma'a.

A gidan wata tsohuwa 'yar Ngizim aka sauke ni, kowa Iya yake ce mata. Hausarta ba ruwanta da namiji da mace, rana ma "shi" take ce mata, amma ban taɓa rasa gane nufinta ba. Zan gyara mata Hausar a nan, abin da ba ta taɓa roƙo na ba. Sana'arta kaɗi. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a kan 'yar fata, ya riƙa juyawa yana wani siririn kuka kamar sauro, zare yana fita daga auduga kamar ba zai ƙare ba. Da wannan kukan nake gyaran littattafan yara, da shi da sautin dakan maƙwabta da ihun jakin mai ruwa. Takan ce ni da ita abokan sana'a ne, dukanmu da alli muke ci, sai dai nata yana zama zane, nawa gogewa ake yi. Yau ka zagaye Potiskum ka nemo mini mazari guda. Za a nuna maka shagon waya ɗari kafin ka sami wanda ya san kalmar.

Tun zuwana, in rana ta take, a arewacin bangon ɗakinta take zama. Wata rana na dawo na tarar tana jan tabarma da kayan kaɗinta zuwa rumfa.

"Iya, yau ƙaura aka yi?"

"Inuwa ce ta ƙaura, ni bin ta nake. Ba ka ga kullum tana ƙanƙancewa ba? Nan da 'yan kwanaki za ta shige ƙarƙashin bango, rana ta hau tsakar ka, ko taɓarya ka kafa ba za ka ga inuwarta ba. Daga nan sai ta ɓullo ta kudu. Can zan zauna har gero ya fid da kai, sannan ta sake ɓuya ta dawo nan."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Kai wa ya koya maka inda bakinka yake?"

Na tsaya da littattafai a hammata kamar an dasa ni. A kwaleji na haddace cewa duniya a karkace take zagaya rana, shi ya sa rana ke tsayawa a kan mutanen kudu wani lokaci, ta hauro arewa wani lokaci, ta ratsa ta kanmu sau biyu a shekara. A wurina layuka ne a kan taswira, waɗanda ake cin jarrabawa da su. Ga shi a tsakar gidan tsohuwar da ba ta san ko bihim ba, tana jan tabarma a bayansa shekara da shekaru. Na dubi mazarinta yana juyawa a kan tsininsa, a ɗan karkace. Ban taɓa jin kunyar bokona kamar ranar ba.

Ba a yi mako ba wasiƙa ta zo cewa malamin kwaleji yana tafe. Hedimasta ya kira ni, fuskarsa a sake, abin da ya fi ɗaure fuskarsa ban tsoro.

"Farfesa, tun da kai ne masanin rani, na zaɓa maka lokutan shekara. Aji biyar, darasin tsakar rana. Kwalina zan ara maka, kada ka ce ban taimake ka ba."

Na gane tarkon. In na bi kwali, malamin kwaleji ba jahili ba ne, zai kayar da ni. In na bar kwali, mai kwali ba zai sa hannu ba. Gaba kura, baya sayaki. Na kwana biyu ina neman hanyar tsakiya, wadda zan bi ban taka kowa ba, na kuma yi zaton na samu: ba zan ce kwali ƙarya ne ba, ba zan ce gaskiya ne ba, zan koyar da abin da ke sama in bar abin da ke bango. Na ari mazarin Iya da taɓaryarta. Ta ce in na karya mata ɗaya in shirya auren ta, don ba ta da wani mai ci da ita.

Malamin kwalejin ya iso a kan babur, wani siriri mai tabarau wanda ba ya ɓarnar magana. Ya zauna a bencin baya. Hedimasta ya sa aka kawo kujerarsa ya zauna kusa da shi, cikin kwat, ya zare murfin alƙalami. Kwanon rufin ajin yana ƙas-ƙas don zafi. Kwalin yana rataye a gefen allo, ban taɓa shi ba, ban dube shi ba. Na fito da mazari daga aljihu, yara suka kwashe da dariya, don kowannensu ya baro irinsa a gida. Na ɗiga alli a jikin dunƙulensa na ce wannan ɗigon mu ne. Akwai wata doguwar yarinya da ke zama a gaba, mai yawan tambaya, wadda saboda haka ta fi kowa sanin ɗanɗanon bulala. Na tsayar da ita a tsakiya na ce ita ce rana. Na murza mazari a hankali, ɗigo ya fuskance ta, ya ba ta baya, ya sake fuskantar ta. Kafin in buɗe baki aji ya ce dare da rana. Sai na karkata shi, na zagaya ta ban sauya karkatar ba, ina tsayawa ina tambaya: yanzu ina ya fi kallon ta, saman dunƙulen ko ƙasansa? Suka ga da idonsu yadda rana ke hawa tana sauka a jikin mazari, ta bi ta kan ɗigonmu a tafiya, ta sake bi a dawowa.

Da na ga lokaci ya yi, na ce kowa ya fito. Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce ba a shanya yara a makarantarsa. Malamin kwalejin ya miƙe kawai ya bi bayanmu, dole hedimasta ma ya taso. Tun da safe na kafa taɓaryar a tsakiyar fili, na daidaita ta da zare da dutse, yara kuma sun ga inuwarta ta miƙe yamma kamar hanya. Yanzu babu. Taɓarya tsaye ita kaɗai kamar an zana ta. Suka zagaye ta, wasu suka durƙusa suna leƙa gindinta, sannan ɗaya bayan ɗaya suka fara duban ƙasa, suna ɗaga ƙafa suna neman tasu. Wani surutu ya tashi, da Hausa da Ngizim da Fulatanci, wanda ban taɓa ji a makarantar ba, surutun mutanen da suka ga boko ya faɗi abin da ke gabansu.

"Malam, ashe shi ya sa ake wannan zafin," in ji doguwar yarinyar. "A kanmu take tsaye."

"Haka ne. Za ta sake tsayawa a kanmu da damina, amma lokacin hadari ya yi mana laima."

Ta waiwaya wajen ajin da kwali yake. Na hango tambayar tana tahowa. Da ina da wayo da na ruga na buga ƙararrawa da kaina.

"To Malam, ni'imar nan da muke rerawa da safe, ta wane gari ce?"

Ina iya cewa za mu zo kan wannan gobe. Akwai malaman da suka yi aiki har fansho a kan wannan jimlar. Amma ga ƙuruciya, ga rana a ka, ga malamin kwaleji yana murmushi.

"Ta garin da aka buga littafin ce," na ce. "Mu nan ba a kawo mana ita ba tukuna."

Yara suka yi dariya, irin wadda ba a iya mayarwa ciki. Hedimasta ya mayar da murfin alƙalaminsa, ya koma ofis, ya turo ƙofa.

Na raka malamin kwalejin wajen baburinsa. Ya ce, "Darasinka ya yi, na ba ka makin da ban saba bayarwa ba. Amma rabin takarda ne a hannuna. Ɗaya rabin ka ga inda ya shiga."

"Ranka ya daɗe, ba za ka yi masa magana ba?"

"Ni baƙo ne. Kai ma baƙo ne, mantawa ka yi." Ya buga babur ya tafi. Na ga irinsa da yawa daga baya, masu gane gaskiya su yi mata murmushi su kama hanya kafin la'asar.

Kwana goma takardata tana kan teburin hedimasta, ya ɗora mata ƙwallon duniya don kada iska ta ɗauke ta. Wannan ne aiki na farko da na ga ƙwallon ya yi. Kullum da safe in shiga in gaishe shi, kullum ya ce hannunsa bai kai ya taɓa takardar masana ba. A rana ta goma ya gaji da wasan ya faɗi farashi.

"Abu ɗaya ne, Farfesa. Ranar rufe makaranta, a layin safe, ka tsaya gaban yara ka ce ka yi kuskure, abin da ke kwali shi ne daidai. Sannan ka ba da waƙa su amsa. Da ƙarfi, yadda na cikin ofis zai ji."

Ranar kasuwa na hau keke na zo Potiskum, na sami mahaifina a kara. Ya saurare ni yana duba haƙoran wata karsana. Da na gama ya ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In kuma gwiwarka ba ta lanƙwasuwa, ga sanda can na yanke maka, akwai shanun da za a raka Kudu." Na waiwaya. Da gaske akwai sandar, sabuwa, jingine da turke, har an naɗa mata fata a mariƙi. Da na koma na gaya wa Iya kuwa, ko kaɗinta ba ta tsayar ba. Ta ce, "Je ka faɗa masa abin da yake so. Rana ba ta jin Hausa." Ta yi gaskiya, rana ba ta ji. Yara ne ke ji. Wannan ne ita da mahaifina ba su duba ba, ni kuma na duba na kau da kai. Malaman yanzu da nake zagi, masu kwafo darasi daga waya su juye a allo ba tare da sun karanta ba, suna da uzuri guda da ni ba ni da shi. Su ba su sani ba.

Ranar ta zo da zafi tun hantsi bai ɗaga ba. Yara a layi, yawancinsu ba takalmi, suna ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya. Na hau dakalin ofis na ce abin da na koya musu ranar taɓarya kuskure ne, su manta da shi, abin da ke kwalin hedimasta shi zai fito a jarrabawa. Ƙarshen maganar gaskiya ne, da shi na lallashi kaina. Sannan na ɗaga murya na ba da baitin farko. Ba wanda ya amsa. Doguwar yarinyar tana layin gaba, ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne. Irin kallon da ake yi wa mai awo ne in an gane mudunsa. Sai ita ta fara amsawa, da ƙarfi fiye da kowa, sauran suka bi ta. Malamin ajinsu ya gaya mini daga baya cewa ba ta sake yin tambaya ba har ta gama, ya faɗa ne kuma da jin daɗi, wai ta natsu.

Da aka watse hedimasta ya kira ni ofis. Ya ɗauke ƙwallon duniya daga kan takardar, ya zare alƙalami, ya tsaya. Gumi ya jiƙa wuyan kwat ɗinsa, yana tsattsafowa a goshi.

"Farfesa, tuna mini. Wane lokaci muke ciki?"

"Bazara, ranka ya daɗe."

"Wato?"

"Lokacin ni'ima."

"Madalla. Ashe kana koyo."

Ya sunkuya ya ja sa hannunsa mai kyau, mai lanƙwasa uku. Kafin ya ɗago, ɗigon gumi ya gangaro daga kan hancinsa ya faɗa a tsakiyar sunan, jar tawada ta bazu. Ya zaro hankici zai danna, na janye takardar.

"Bar shi haka, ranka ya daɗe," na ce. "Raɓa ce."